Kare Ɗaya a Igiya Ya Fi Goma a Sake

 Da zarar kaka ta wuce, aka saki dabbobi su ci kara a gonaki, abu biyu sukan dame mu a ƙasar Birnin Tudu da kewaye, daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun. Na fari shi ne ɓatan tumaki da awaki. Na biyu kuwa farautar rani ce, wadda takan zo da wuta da garken karnuka. Ina da shawara ɗaya wadda ta shafi su duka biyu. Shawarar ita ce, kowace ƙungiyar manoma ta horar da kare ɗaya na bin sawu, mai aiki da hanci, yana ɗaure da doguwar igiya. Abin horon kuwa wani takalmi ne da ake ɗaura wa ƙafar dabba. Bari mu kira shi takalmin kofato.

Na san wani zai yi dariya, ya ce yaushe mai neman taki da iri zai zauna yana koya wa kare karatu. To, ku ba ni kunnuwanku tukuna, sa'an nan ku yanke hukunci.

Inda dabarar ta fito

Dabarar ta maharban Jamus ce. A ƙasarsu akwai wata dabba mai kama da barewa, amma ƙahonta yana da rassa kamar itace, yana kuma zubewa kowace shekara ya sāke fitowa. Babu irinta a dajin Nijeriya. Idan maharbi ya harbe ta ba ta faɗi nan take ba, a wurinsu abin kunya ne ya koma gida ya bar ta ta mutu a ɓoye. Tilas ne ya nemo ta. Saboda haka suka keɓe karnuka domin wannan aiki kaɗai. Tun a shekarar 1894 suka kafa ƙungiya mai suna Hirschmann domin kula da irin waɗannan karnuka, tana nan kuwa har yau.

Suna yi wa karen jarrabawa kafin a yarda da shi. Akan shimfiɗa masa sawu mai tsawon mita 1,000, watau fiye da rabin mil, a bar shi ya kwana har awa 20, wani ma awa 40, kafin a kawo kare. A jarrabawar bin jini, kwatan lita ɗaya tak ake ɗiɗɗigawa a dukan wannan nisa. A jarrabawar takalmi kuwa jinin ba ya wuce kashi ɗaya cikin goma na lita. Sauran aikin duk na kofato ne da hancin kare.

A ƙasar Suwidin doka ce: wanda ya fita harbin manyan namun daji, lalle ne ya zama yana da karen bin sawu da zai iya isowa cikin awa biyu. A Amurka, wani malamin tarihi mai suna John Jeanneney ya ga abin a Turai, ya soma gwada shi a jihar New York cikin shekarun 1970, har jihar ta halatta shi a shekarar 1986, da sharaɗin kare ya kasance a igiya. Karnukan da ya yi aiki da su ƙanana ne masu gajerun ƙafafu. Ashe ba girman kare ba ne, ba kuma gudu ba. Hanci ne da natsuwa.

Me ya sa sai da takalmi?

Masana sun ƙiyasta cewa hancin kare yana da ƙwayoyin jin wari fiye da miliyan 200, na mutum kuwa wajen miliyan 5 ko 6 ne. Inda mu ba mu ga kome ba sai ƙura, shi yana karanta labari. Dabba in ta wuce takan bar abu uku: warin ƙasar da ta taka ta tona, warin ciyawar da ta murƙushe, da warin jikinta.

Ga wani abu da kowa zai iya dubawa da idonsa. Ka ɗauki ƙafar rago a wurin mahauci, ka buɗe tsakanin kofatan biyu ta gaba. Za ka ga ɗan rami ƙarami, in ka matsa sai wani maiƙo mai wari ya fito. Tunkiya tana da wannan 'yar jaka a ƙafafunta huɗu. Gada da barewa ma suna da irinta. Kowane taku yana barin ɗan wannan maiƙo a ƙasa, na kowace dabba kuma dabam yake da na 'yar'uwarta. Saniya ba ta da jakar, amma ita ma tana barin warin jikinta.

Mai horon kare yakan ja fata ko tsoka a ƙasa domin kare ya bi. Wannan ya isa ga ɗan kwikwiyo, amma yana da aibi. Abin da aka ja yakan bar wari mai kauri, ba yankewa, kamar an zana layi da toka. Karen da ya saba da haka, ran da aka kai shi sawu na ainihi sai ya rikice, gama dabba ba ta jan jikinta a ƙasa, taku ɗaya-ɗaya take bari. Takalmin kofato shi ke gyara wannan. Nauyin mutum yana danna kofaton cikin ƙasa, ya tona ta, ya murƙushe ciyawa, ya bar maiƙon, kamar dai dabbar ce ta wuce.

Ina ruwanmu da wannan?

Gaskiya ce, dajinmu ba kamar dā yake ba. Sa'ad da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, aka gama ta a shekarar 1978, ruwa ya cinye wajen hekta 8,000, aka kuma sare itatuwa aka baje ƙasa domin noman rani. Namun daji suka rasa mafaka. Yawan jama'a da gatari da wuta suka ƙarasa sauran. Dattawa suna ba da labarin gwanki da mazo, amma yaro na yau sai zomo da gafiya, sai ko gada jefi-jefi. Barewarmu mai jan goshi tana cikin jerin dabbobin da ƙungiyar IUCN ta ce ana tsoron ƙarewarsu. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa tun 1963, akwai kuma dokar tarayya ta 1985 mai kāre dabbobin da suka kusa ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016.

Saboda haka ba ina kiran kowa ya ƙara farauta ba ne. Abin da nake cewa shi ne, ɗan abin da ya rage bai kamata a yi ɓarnarsa ba. Bindigar gargajiya ba kullum take kashewa nan take ba. Sau da yawa gada takan tsere da rauni, ta shiga sarƙaƙiya, ta kwana biyu tana wahala, ta mutu, ungulu su ci. Maharbi ya koma hannu wofi, gobe ya harbi wata. An kashe biyu ke nan, an ci ɗaya. Wani kuma don ya fitar da wadda ta ɓuya sai ya kyasta ashana. Wutar ba ta san iyakar gona ba. Takan ci kara da harawar da muka tanada domin rani, ta ƙone 'yan itatuwan da muka dasa, ta bar ƙasa tsirara iska ta kwashe. Karen bin sawu yana kai maharbi wurin dabbar da ya riga ya harba, ba wuta, ba gayya.

Amma amfani mafi girma a wurin manomi shi ne na dabbar gida. Tunkiya ita ce bankin talaka, musamman mata. Da ita ake biyan kuɗin makaranta, da ita ake kai mara lafiya asibiti, da ita ake sayen taki in damina ta matso. Da rani kuwa, ko'ina ya bushe sai gonakin ban ruwa suke kore shar, shinkafa da masara da albasa suna kiran kowace dabba. Rago yakan tsinke igiya da dare ya bi ƙanshin ɗanyen ganye. Wani ya faɗa magudanar ruwa ya kasa fita, wani igiyarsa ta sarƙe a ƙaya, wani ya bi garken da ba nasa ba. Ba kowace dabbar da ta ɓata ce aka sace ba. Amma mai ita yakan kwana uku yana yawo, ya bar aikinsa, daga nan zuciya ta soma raya masa sunan maƙwabci. Nan ne husuma take farawa. Idan kare ya kai mu wurin ragon da safe tun yana da rai, mun ceci dukiya, mun kuma ceci zumunci.

Yadda za a yi takalmin

Ba sai an aika Turai ba. Maƙeri da baduku na garinmu sun isa.

A sami katako biyu, kowane daidai tafin ƙafa, ko kuwa tsohon takalmin taya mai kauri. Maƙeri ko mai walda ya yi zoben ƙarfe wanda ƙwaurin rago zai shiga, ya kafa shi a bayan diddige, ya sa masa noti na matsewa. Baduku ya yi maɗauri biyu na fata, yadda za a ɗaura katakon a ƙarƙashin takalmin ruwa. In an sa ƙafar ragon cikin zoben, a bar bakin kofaton ya zarce ƙasan katakon da kamar faɗin yatsa ɗaya, domin ya riƙa nutsewa cikin ƙasa a kowane taku.

Ƙafar kuwa a saye ta wurin mahauta, ranar Talata a kasuwar Mafara ko duk ranar da aka yi yanka a gari, tun ba a babbake ta ba. A yanke ta daga gwiwa. Ƙafa biyu, da ɗan ƙyallen fata, da jini kamar rabin kofin shayi, dukansu su zama na dabba ɗaya. Wannan sharaɗi ne babba, gama abin da muke koya wa kare shi ne ya riƙe warin dabba ɗaya, ya ƙyale saura. A kaɗa jinin da tsinke tun yana da ɗumi, a tsame abin da ya manne, a tace, don kada ya daskare. Turawa sukan ajiye ƙafafun cikin ƙanƙara. Mu da ba mu da wannan, sai mu yi aiki da su a ranar, ko washegari da asuba. Kada a kashe gada ko barewa domin neman ƙafar horo. Karen da ya koyi riƙe warin da aka nuna masa a farkon sawu zai bi gada kamar yadda ya bi rago.

Sai kuma abin wuya na fata mai faɗi wanda ba ya shaƙe kare, da igiya mai tsawon mita 10. Waɗannan na aiki ne kaɗai. Ba a ɗaure shi da su a gida. Da ya ga an ɗauko su, ya san aiki ya zo.

Horon, mataki-mataki

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A zaɓi kwikwiyo cikin karnukanmu na gida, gama sun san zafinmu, sun fi na waje jure kaska. Dogayen karnukan farauta masu siririn ciki da ido suka fi aiki, da gudu. Mu muna neman wanda kullum hancinsa yana ƙasa, mai son abinci, mara firgita. A watsa 'yan gutsattsarin nama cikin ciyawa, a saki 'yan kwikwiyon. Wanda ya daɗe yana nema bayan sauran sun gaji, shi ne namu.

Mataki na 1. Daga wata biyu zuwa huɗu, a ja ƙyallen fata taku 20 zuwa 50, a ajiye abincinsa a ƙarshe. Wasa ne, kada ya wuce minti biyar.

Mataki na 2. Wajen wata biyar ko shida, a soma da takalmi. Taku 100, miƙe, iska tana bayan mai tafiya don kada ta kawo wa kare warin ƙarshen sawu. A tattaka wurin farawa da kyau, a zuba ɗan jini da gashi. Bayan kowane taku biyar a ɗiga jini. A jira awa ɗaya ko biyu kafin a kawo kare.

Mataki na 3. A ƙara nisa zuwa taku 300, sa'an nan 500. A sa kwana ɗaya, daga baya biyu. A rage jini, a ƙara lokacin jira zuwa awa huɗu, zuwa shida. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci ɗaya. In an ƙara nisa, kada a ƙara jira a wannan rana.

Mataki na 4. A shimfiɗa sawu da yamma, a bi shi da asuba. Jini sai can ba a rasa ba, daga baya a daina sa shi sam.

Mataki na 5. A ratsa inda garke ya wuce. Wannan shi ne mafi wuya, shi ne kuma ainihin aikinmu. In kare ya saki sawunsa ya bi na wata dabba, a tsaya cik, kada a bi shi, a komar da shi inda ya kauce. In ya kama daidai, a yaba masa da murya mai sanyi.

Mai shimfiɗa sawu ya riƙa ɗaura tsumma a reshe ko kara, sama da kan kare, domin mai igiya ya san ko karen yana daidai. A riƙa sauya mai sa takalmin, wani lokaci kuma a sa mutum ya gitta sawun ba takalmi, don kada kare ya koyi bin mutum maimakon kofato. Sau ɗaya a mako ya isa, in ya yi yawa sau biyu. A kai shi da 'yar yunwa, ya sami abincinsa a ƙarshen sawu, kusa da fatar. Kada a buge shi a kan sawu ko sau ɗaya. Karen da aka doka yana sunsuna ƙasa, ya koyi cewa sunsunawa ce laifin.

Rana da iskar hunturu suna busar da wari da sauri. Ƙasa mai laima ta bakin fadama takan riƙe shi, jigawa kuwa ba ta riƙewa. Saboda haka aikin na asuba ne da na yamma lis. A tafi da gorar ruwa, gama kare mai haki ba ya jin wari sosai. Mai igiya ya sa takalmin ruwa saboda kububuwa.

Ran da rago ya ɓata, a hana yara tattake wurin. A kai kare turken dabbar, ya sunsuna guntun igiyarta da inda take kwanciya, sa'an nan a zaga da shi bakin gida har ya kama mafita.

Masu cewa a'a

Wani zai ce, kakanninmu da ido suke bin sawu, ba su nemi takalmi ba. Haka ne, har yanzu ma akwai dattawa masu wannan sani, ya kamata mu girmama su. Amma ido yana ƙarewa a kan fako da tsakuwa da busasshiyar ciyawa. Ba musanya nake kawowa ba, taimako ne. Dattijo mai ido da saurayi mai kare, in sun tafi tare, sun fi kowannensu shi kaɗai.

Wani zai ce, karen da ya koyi warin rago zai zama maci tumaki. Wannan tsoro yana da tushe. Maganinsa huɗu ne: kare ya tashi cikin tumaki tun yana ƙarami, a tsawata masa ran da ya fara korarsu, kada a taɓa ba shi ƙafar horon ya ci, kada kuma a sake shi daga igiya a bakin aiki. Kare mai kora da kare mai bin sawu ba aikinsu ɗaya ba. Wanda aka kai farautar gayya sau biyu ya lalace, gama gudu ya fi masa daɗi.

Wani kuma zai ce, ko zai yi aiki kullum? A'a. Bin dabba mai rauni ya fi sauƙi, saboda jini. Bin lafiyayyen rago cikin sawun garke ya fi wuya nesa. Ba kowane kare zai kai mataki na biyar ba, wanda ya kai ma wata rana zai kasa, musamman in an yi jinkirin kiransa har rana ta take. Horon zai ci shekara ɗaya ko fiye. Amma ku auna: abincin kare ɗaya tsakanin gidaje ashirin, da kuɗin rago ɗaya. In ya nemo biyu ko uku a shekara, ya biya tuwonsa.

Iyaka uku da ba za a ƙetare ba

Ta fari, ba a bin ɓarayi masu bindiga. Dukanmu mun san halin da Zamfara ta shiga fiye da shekara goma. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Talata Mafara. A watan Agusta na wannan shekara aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Dazuzzuka irin su Sububu da Bayan Ruwa ba wurin zuwan manomi ba ne. Karen ƙungiya na dabbar da ta ɓata ne cikin gonaki da bakin gari, da rana. In sawu ya haɗu da na babur, ko ya nufi daji, a naɗe igiya a komo, a kai magana wurin mai gari da jami'an tsaro. Ƙungiya ta sa iyaka tun da wuri, ta ce daga wuri kaza ba a wucewa. Ba ragon da ya kai ran mutum. Kafin a fita horo ma a sanar da mai unguwa, kada kuma a riƙe makami. Zamani ne na zargi. A watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, taron jama'a suka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida, bisa zato kawai.

Ta biyu, kare ba shaida ba ne. In ya tsaya a ƙofar wani gida ko a bakin ruga, wannan bai nuna mai gidan ɓarawo ne ba. Dabba takan shiga inda ta ga dama, kare kuma yakan yi kuskure. A riƙe kare a waje, gama maƙwabtanmu da yawa ba sa son kare ya shiga musu gida, hakkinsu ne kuwa. Dattijo ɗaya ya yi sallama, ya ce, “Maigida, rago ne ya ɓace mana, ko ya biyo naku?” In aka ce babu, a yi godiya a tafi, sauran magana ta mai unguwa ce. Ƙungiyoyinmu ƙanana ne, cikin jama'a muke zaune, ruwa ɗaya muke sha. In karen zai jawo gaba, gwamma babu shi. Ina ba da shawara kuma, duk wanda dabbarsa ta ɓata a gari, ɗan ƙungiya ne ko ba ɗan ƙungiya ba, manomi ko makiyayi, a taimake shi daidai wa daida.

Ta uku, lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukansu kuwa daga kare suka ɗauka. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. A yi wa kwikwiyo allurar rigakafi yana wata uku, a maimaita kowace shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin wannan allura, malamin dabbobi na ƙaramar hukuma zai nuna mana inda ake samu. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, ya tafi asibiti a ranar. A riƙa ba karen maganin tsutsar ciki. Ladansa ya zama dafaffen nama. Kada a ba shi ɗanyen kan tunkiya, ko huhu da hanta masu ƙulluttukan ruwa, gama daga nan yake ɗaukar tsutsar da ke komawa jikin tumaki ta kashinsa, wata ma har jikin mutum. Kada kuma a ɗauki ƙafa ko jinin dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya. Yana yiwuwa ciwon saifa ne, wanda ke kama mutum. An tabbatar da ɓullarsa a Suleja ta jihar Neja a watan Yuli na 2023.

Abin da ƙungiya za ta yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ran da rago ya ɓata ba ranar neman kwikwiyo ba ce. A taronku na gaba ku sa wannan magana cikin abin da za a tattauna. Ku zaɓi mutum ɗaya mai haƙuri, mara saurin fushi, wanda ba ya barin gari ci-rani, shi zai riƙe karen, da mataimaki ɗaya mai sa takalmi. Kare ubangida ɗaya ya sani. Ku yanka wa kowane gida mudun hatsi da zai bayar a shekara, da ɗan abin da mai dabba zai saka a asusu in an samo masa ita. Kuɗin allura ya fito daga asusun nan kafin kome. Magatakarda ya buɗe littafi: ranar horo, nisa, awa nawa sawun ya yi, kare ya kai ko bai kai ba. Haka kuma kowane kira na ainihi, wanda aka samu da wanda aka rasa. Ku gai da Sarkin Fawa saboda ƙafafu, ku kuma nemi shugaban maharba na garinku ku gaya masa abin da kuke yi, domin mutanensa su san akwai karen da za su kira maimakon ashana.

Bayan shekara ɗaya ku buɗe littafin a gaban kowa. In lissafi ya nuna hasara, ku bari, ba a yi asarar kome ba sai katako biyu da zoben ƙarfe. In ya nuna riba, ku horar da na biyu, ku koya wa ƙungiyar da ke kusa da ku. Ƙungiyar da ta gwada ta rubuto wa wannan takarda yadda ta ƙare, da daɗi ko ba daɗi, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru.

Allah ya tsare mu, ya tsare dabbobinmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.